Ɗalibanmu na Sakandare da Labaran da Ke Shigo Musu ta Waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da ɗalibanmu na sakandare suke ciki game da labaran da ke kwararo musu ta wayar hannu dare da rana, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu yadda ake auna labari kafin a gaskata shi ko a miƙa shi gaba. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar jeka-ka-dawo a nan Gusau, na kuma shafe shekara goma sha tara ina riƙe da alli, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a cikin aji na gan shi da idona.

Wata ranar Laraba da hantsi, muna tsakiyar darasi na uku, sai muka ji hayaniya a bakin ƙofar makaranta. Kafin mu ankara iyaye sun cika wurin, wasu a kan babur, wasu a Keke Napep, wasu matan ko mayafi ba su tsaya sun gyara ba, kowa yana ƙwala wa ɗansa kira. Abin da ya kawo su wani saƙon murya ne da bai kai minti ɗaya ba, wanda ya zagaya WhatsApp da safiyar nan, inda wani mutum yake haki yana cewa an ga 'yan bindiga a kan babura sun doso gari, a yi maza a kwashe yara daga makarantu. Maigadi ya yi ƙoƙarin tare ƙofa, aka ture shi gefe. Yaran ƙananan azuzuwa da suka ga manya sun ruɗe sai suka tashi da gudu, wata yarinya 'yar aji ɗaya ta faɗi aka bi ta kanta, ta samu tsagewar ƙashi a hannu. Har rana ta faɗi babu abin da ya faru a garin.

Ban ga laifin iyayen ba, kuma har yau ban gani ba. Duk wanda yake zaune a Zamfara, ya kuma tuna daren 26 ga Fabrairu, 2021, da aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, da abin da ya faru a Birnin Yawuri ta jihar Kebbi a watan Yunin shekarar, da na garin Kaya a ƙaramar hukumar Maradun ranar 1 ga Satumba, wanda ya sa aka rufe makarantun jihar baki ɗaya, ba zai zauna ya jira tabbaci ba idan aka ce masa ɗansa yana cikin haɗari. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda na gano washegari.

Na shiga ajina na biyu na babbar sakandare, na yi wa ɗaliban alkawarin cewa ba zan kai sunan kowa ofis ba, sannan na tambaye su wa da wa suka tura saƙon nan ga wani. Ko da yake dokar makaranta ta hana zuwa da waya, mutum goma sha ɗaya ne suka ɗaga hannu, kuma bakwai daga cikinsu iyayensu suka tura wa. Ashe daga cikin azuzuwanmu ne wani ɓangare na wutar ya tashi. Sai na ce kowa ya zo ya rubuta a allo daga wurin wanda ya samu saƙon, muka riƙa jan layi daga suna zuwa suna. Wannan daga yayansa ya samu, yayan kuma daga zauren 'yan ƙwallon unguwarsu, wanda ya sa a zauren kuma daga wani mai cajin waya a kasuwa. A duk layukan da muka ja, babu ko ɗaya da ya ƙare a kan mutumin da ya ga babur ko guda da idonsa. Daga nan na ce a sake kunna saƙon, kowa ya yi shiru ya saurara da kyau. Da ya ƙare, aji ya yi tsit na ɗan lokaci, sai wata ɗaliba daga layin baya ta ce, "Malam, ai bai ma faɗi ko wane gari ba ne." Haka yake kuwa. Mutumin bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin ba, bai faɗi ranar ba. Bayan kwana biyu wani yaro ya zo mana da labarin cewa kawunsa da ke wata jiha ya ji wannan murya ɗin watanni da suka wuce.

Abin da yarinyar nan ta gano a cikin minti ɗaya na sauraro da natsuwa shi ne tushen aikin jarida gaba ɗaya, kuma ta gano shi ne da kanta saboda an ba ta dama ta tsaya ta yi tunani. Wannan damar ce nake roƙon a bai wa dukkan ɗalibanmu, a kuma mayar da ita wani abu na dindindin a makarantu.

Wasu abokan aikina suna ganin wannan baƙon ilimi ne da aka kwaso daga waje. Ni kuwa ina ganin babu ilimin da ya fi shi zama ɗan gida a wurinmu. Yaran nan da yamma suna Islamiyya, suna karanta aya ta shida ta Suratul Hujurat, wadda ta umurci muminai da su nemi tabbaci idan fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su cutar da wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Sun san ƙissar Annabi Sulaiman, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da alhudahuda ya kawo masa labarin mutanen Saba'i, bai ƙaryata shi ba bai kuma gaskata shi nan take ba, sai ya ce za a duba a gani, ya aike shi da wasiƙa. Sun haddace hadisin da ya nuna cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Layukan da muka ja a allo kuwa, da na tambaye su me suka tuna musu, da yawansu suka amsa da baki ɗaya cewa isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun san wa ya ji daga wa, kuma ko wanda ya faɗa amintacce ne mai kiyaye abin da ya ji. Ɗalibanmu Kirista ma sun taso da dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Duk wannan yana cikin kawunan yaran, sai dai babu wanda ya taɓa nuna musu cewa ya shafi maɓallin turawa da ke ƙarƙashin babban yatsansu.

Lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, kwafi ɗaya kan zagaya gari, mai karatu ya zauna a zaure ya karanta wa jama'a. Daga baya rediyo ya zo, Sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, har ya zama da wuya ka ga manomi ko makiyayi ko mai shayi babu akwatinsa a kusa. A wancan zamani, kafin labari ya iso kunnen mutum sai ya bi ta hannun wakili da edita, mutanen da aka san sunansu da ofishinsu, waɗanda za a iya tuhuma idan sun yi ƙarya. Ba ina cewa zamanin ba shi da aibu ba ne, domin yawancin kafafen na gwamnati ne, kuma mai abu shi ke zaɓar abin da za a faɗa da wanda za a yi shiru a kai. Har yau ma ya kamata ɗalibi ya saba tambayar wa ya mallaki tashar da yake saurare, kuma wa ya biya kuɗin filin da sojojin baka suke magana a ciki. Amma tun daga zuwan wayar salula a 2001, musamman bayan da waya mai intanet ta yi araha, aikin da edita yake yi ya koma hannun kowa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana iya isar da magana ga mutum ɗari biyar kafin a idar da sallar isha'i, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa nauyin edita ne ya hau kansa.

Akwai wani misali da nake yawan kawo wa ɗalibai, ko da yake yana da ɗaci. A ranar da aka sace 'yan matan Jangebe, adadin da aka fara sanarwa, wanda kuma kafafen duniya suka ɗauka, shi ne 317. Da aka sako su ranar 2 ga Maris, sai aka ce su 279 ne. Nakan tambayi aji, shin ƙarya 'yan jarida suka yi? Muhawarar da ke biyo baya takan cinye darasin gaba ɗaya, kuma a ƙarshenta yaran kan fahimci cewa labarin farko da ke fita cikin ruɗani sau da yawa yakan zo da kuskure, cewa akwai bambanci tsakanin wanda ya faɗi inda ya samo adadinsa ya kuma gyara da ya samu sabo, da wanda ya zauna ya ƙirƙiri labarin ƙanzon kurege da gangan. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin na lura wasu matasan sun tsallaka daga gaskata komai zuwa ƙaryata komai, suna cewa ai duk 'yan jarida maƙaryata ne. Wanda ya kai nan ya fi kowa sauƙin yaudara, domin da zarar ya rufe kunnensa daga kowa, abin da ya yi daidai da son ransa kawai zai riƙa karɓa.

Mu manya ma ba mu tsira ba. Ina tune da daren watan Agustan 2014 da aka riƙa tashin mutane daga barci ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya daga cutar Ebola, abin da ya kwantar da mutane a asibiti har aka ruwaito mutuwar aƙalla biyu. Jita-jitar cewa an musanya shugaban ƙasa da wani Jubril daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya fito da kansa ya ƙaryata ta a ƙasar Poland a watan Disambar 2018. Har da masu digiri a cikin waɗanda suka yaɗa waɗannan.

Game da ita fasahar kanta, abin da na fi so ɗalibi ya gane shi ne yadda take samun kuɗi. Facebook da TikTok da YouTube ba sa karɓar ko kwabo daga hannunsa, amma kamfanoni ne na kasuwanci da ke rayuwa a kan talla, kuma gwargwadon daɗewar idonsa a kan waya gwargwadon tallan da za a nuna masa. Saboda haka aka gina manhajojin yadda za su riƙa lura da abin da ya tsaya ya kalla, da wanda ya maimaita, da wanda ya tura wa wani, sannan su ƙaro masa irinsa. Abin da ke tayar da hankali ko fusata rai ya fi riƙe ido fiye da bayani mai sanyi, don haka shi ne ke yawo. Na taɓa sa ɗalibai biyu, ɗaya mai son ƙwallo ɗaya mai bin wa'azi, su kawo jerin bidiyo goma na farko da wayoyinsu suka nuna musu a gida. Da aka karanta a aji babu ko guda da ya zo ɗaya, kuma kowannensu ya ɗauka abin da yake gani shi ne abin da duniya take kallo. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wadda ke iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, ta kuma kwaikwayi muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Wannan ya fi shafarmu fiye da wasu al'ummu, domin a wurinmu saƙon murya shi ne jaridar waɗanda ba su yi boko ba, kuma tsohuwar da ta ji muryar malamin da ta sani ba za ta kawo a ranta cewa na'ura ce ta haɗa ta ba. Jikanta ɗan sakandare shi ne wanda zai iya faɗakar da ita, in har shi ma an faɗakar da shi.

Ɗaliban Zamfara suna da wani abin da ya kamata a sa su yi tunani a kai wanda takwarorinsu na wasu jihohi da yawa ba su da shi. A farkon watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu kira babu intanet, wasu yankunan ma har abin ya kai watanni. Waɗanda suke sakandare a yau sun ga wannan da idonsu suna ƙanana. Da na ba su jigon rubutu a kan abin da suka tuna, na samu abubuwan da ban zata ba. Wani ya rubuta yadda mahaifinsa ya ciro tsohon rediyo ya saya masa batir, wata ta rubuta yadda ake ba direbobi wasiƙa a tasha kamar zamanin kakanni, wani kuma ya ba da labarin yayansa mai sana'ar POS da ya zauna babu aiki. Mafi yawansu sun lura da cewa jita-jita ba ta mutu ba don an kashe sabis, baki da baki ta ci gaba da yawo, kuma babu hanyar da za a kira a tabbatar. Yaron da ya kai ga wannan fahimta da alƙalaminsa ya riga ya gane cewa waya tana ƙara wa jita-jita gudu ne kawai, asalinta kuwa yana wurin mutane.

Akwai wani ɓangare da nake ɗaga murya a kansa a kowane aji. A kan benci ɗaya a makarantarmu za ka ga Bahaushe da Bafulatani, wani an kashe masa uba a ƙauye iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa Gusau, wani kuma an ƙona rugar danginsa da ba su ji ba ba su gani ba. Duk lokacin da aka kai hari, hotunan gawarwaki kan cika wayoyi, wasu na gaske, wasu tsofaffi, wasu ma daga wata ƙasa, a ƙarƙashinsu kuma a rubuta kalaman da ke ɗora laifin a kan ƙabila gaba ɗaya. Yaron da ya tura irin wannan yana ganin kishin mutanensa yake yi, bai san cewa wataƙila abokin zamansa ne zai kasa zuwa makaranta gobe saboda tsoro ba, bai kuma tuna cewa gawar da yake yaɗa hotonta tana da uwa da 'ya'ya ba. Nakan karanta musu sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da sashe na 22, wanda ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Nakan kuma gaya musu cewa akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da ake gurfanar da mutane a ƙarƙashinta saboda abin da suka wallafa. Ya kamata su san haƙƙinsu, su kuma san inda za su iya jefa kansu da iyayensu cikin wahala.

Don kada su ɗauka cewa waya sharri ce zalla, nakan ba su labarin Bagega. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har aka ƙiyasta mutuwar yara kimanin 400. An tsaftace wasu ƙauyukan, amma Bagega ta daɗe tana jira, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su iya fara yi wa yaranta magani ba, domin maganin ba ya amfani idan yaro zai koma ya yi wasa a cikin ƙasa mai guba. A ƙarshen 2012 wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar zuwa kafofin sada zumunta tare da wasu ƙungiyoyi, suka riƙa tambayar ina kuɗin da aka yi alkawari, kuma a farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Da yawan ɗalibaina ba su taɓa jin wannan ba, alhali a jiharsu ya faru.

Bayan abin da ya auku ranar Larabar nan ne na nemi izinin shugaban makarantarmu na farfaɗo da ƙungiyar 'yan jarida ta ɗalibai, wadda ta daɗe da mutuwa. Kayan aikinmu kwali biyu ne da alƙalamin maka da allon sanarwa, sai minti biyar da aka ba mu a taron safiyar Litinin. Ƙa'idodinmu ba su da yawa. Ba a rubuta labari sai an ji daga bakin mutum biyu da ba tare suke ba, duk wanda aka ambata da wani laifi sai an je an ji ta bakinsa, kuma a ƙasan kwalin akwai wani ɗan fili da muka keɓe don gyaran kuskuren makon jiya. Ba ma taɓa maganar tsaro, domin ba zan tura ɗan wani inda zai gamu da haɗari ba.

Wata ɗaliba ta kawo rubutu a kan tsadar ruwa a unguwarsu bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A rubutunta na farko ta yi kaca-kaca da 'yan garuwa, ta ce rashin tausayi ne ya sa suka ninka kuɗin jarka. Na mayar mata da takardar na tambaye ta ko ta yi magana da ɗaya daga cikinsu. Ta tafi tare da ƙaninta ta samu uku a bakin rijiyar burtsatse, suka lissafa mata nawa suke biyan mai rijiya a kan kowace kura, nawa suke biyan hayar ita kurar kanta a yini, da abin da ke rage musu bayan sun yi sawu shida a cikin rana. Daga nan ta je wurin mai rijiyar, shi kuma ya nuna mata janareta ya faɗa mata litar man da yake sha idan babu wuta. Rubutunta na biyu ya fito dabam, da lissafi a ciki, da maganar kowa a bakinsa. Da ta karanta shi a taron safe, har malamai suka tsaya sauraro. Daga baya ta gaya mini cewa yanzu idan ta ga labari a waya, abin da ke fara zuwa mata shi ne wa aka bari ba a tambaya ba. A iya abin da na gani, wanda ya taɓa haɗa labari da hannunsa, ya ga yadda ake zaɓar abin da za a sa da wanda za a bari, ya fi saurin gane inda aka yi masa coge a labarin wani.

Na san uzurorin da ake kawowa. Ana cewa manhajar karatu ta cika, ga WAEC ga NECO ga JAMB. Amma tattara bayani da taƙaita shi da rubuta shi a tsare su ne ainihin abin da ake tambaya a takardun insha'i na Hausa da Turanci, kuma tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ana cewa a hana waya kawai a huta. Ni ma ina goyon bayan hana ta a cikin aji, sai dai ƙarfe biyu na rana yaron zai koma gida ya ɗauke ta, ko tasa ko ta yayansa. Wasu shugabannin makarantu kuma suna tsoron kada ɗalibai su rubuta abin da zai tona asirin makaranta, kuma gaskiya ne wata rana za su rubuta cewa ban-ɗaki ya lalace ko kujeru sun yi kaɗan. Gara su koyi faɗin haka a kan kwali, da ladabi da hujja, bayan sun ji ta bakin shugaba, da su koye shi a TikTok da zagi. Game da iyayen da ke ɗari-ɗari da shigar 'ya'yansu mata, ina tunatar da su cewa a wannan ƙasa tamu ce Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke ɗaukar ilimi a cikin waƙoƙi suna kai wa matan ƙauyuka. Kuma akwai labaran da ke cikin gidaje, na haihuwa da jinya da zaman gudun hijira, waɗanda mace ce kaɗai za ta iya shiga ta jiyo su.

Ina roƙon ma'aikatar ilimi ta jiha ta umurci kowace sakandare ta kafa irin wannan ƙungiya ta kuma ɗora wa malami ɗaya alhakinta, a bar ɗalibai su yi rubutu da Hausa idan sun fi sakewa da ita, tunda da Hausa jita-jitar take zuwar musu. 'Yan jaridar da ke Gusau, ta hannun ƙungiyarsu ta NUJ, za su iya raba makarantu a tsakaninsu, kowa ya ziyarci guda sau ɗaya a zango ya nuna wa yara yadda yake tabbatar da labari, da yadda ake binciken asalin hoto, da irin aikin da masu tantance labarai kamar Dubawa suke yi, waɗanda sunansu ma daga Hausa aka ɗauko shi. Gidajen rediyonmu kuma minti goma sha biyar a mako ba zai gagare su ba. Akwai makon wayar da kai kan kafafen yaɗa labarai da hukumar UNESCO take gudanarwa daga 24 zuwa 31 ga Oktoba, wanda Abuja ta karɓi baƙuncinsa a 2022, kuma zai dace a riƙa shirya gasar rubutu tsakanin makarantu a cikinsa.

Kai kuma, ya Edita, roƙona gare ka shi ne ka ware rabin shafi sau ɗaya a wata don rubutun ɗaliban sakandare, ka tace shi da tsananin da kake tace na wakilanka, wanda bai cika ƙa'ida ba ka mayar da shi da bayanin dalili. A yanzu haka akwai rubutu goma sha huɗu a durowata waɗanda ɗalibai suka yi a zangon da ya wuce, har da na 'yan garuwan nan, da wani a kan yaran da suka baro ƙauyukansu suke neman gurbin karatu a Gusau babu takardar shaidar makarantarsu ta baya. Na nemi izinin iyayensu, kuma idan ka amince zan aiko maka da su a mako mai zuwa.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Gusau, Jihar Zamfara.